Idan Shawara Ba Daga Hanta Take Ba: Fashin Baƙi Kan Toshewar Bututun Maɗaciya Da Ba A Saba Gani Ba

Me ya sa mutum zai yi makonni idanunsa rawaya, a auna jininsa a ce babu ƙwayar cutar hanta, a ɗauki hoton cikinsa a ce babu tsakuwa, amma shawarar ta ƙi sauka? Kuma me ya sa likitan da ya riga ya ga inda bututu ya toshe zai ce ba zai taɓa majinyaci ba sai an ƙara wasu gwaje-gwaje, alhali mutumin yana ta rama yana susa dare da rana? Tambayoyi ne da ke tasowa duk lokacin da aka ji labarin jaririn da ake nema wa dashen hanta, ko na magidancin da aka yi wa babbar tiyata bisa zaton ciwon daji, daga baya aka ce ba shi ba ne.

Tushen ruɗanin shi ne mutane da yawa sun ɗauki shawara a matsayin cuta guda mai magani guda, alhali kuwa alama ce kawai, kuma abubuwan da ke haddasa ta sun kasu gida uku. Ko dai jajayen ƙwayoyin jini ne ke farfashewa fiye da ƙima, kamar yadda yake faruwa ga mai sikila. Ko naman hantar ne ya kamu. Ko kuma hantar lafiyarta ƙalau, hanyar da take zubar da ruwanta ce ta toshe. Kashi na uku shi ne abin dubawa a nan. A cikinsa ma, mafi yawan toshewa tsakuwa ce ke jawo ta, sai ciwon dajin kan fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, waɗannan kuwa kowane likita ya san su. Wahalar tana ga ragowar, waɗanda likita kan yi shekaru yana aiki bai ga ko guda ba, kuma a irinsu buɗe bututun bai kai gano abin da ya toshe shi wuya ba.

Hanyar da ruwan ke bi

Hanta tana haɗa ruwan maɗaciya ba dare ba rana, abin da ya kai rabin lita ko fiye a yini ga babban mutum. Ruwan yana taimaka wa hanji narkar da maiƙo, yana kuma fitar da bilirubin, wani sinadari mai launin rawaya da ke samuwa idan jajayen ƙwayoyin jini sun cika wa'adinsu na kimanin kwana 120 an wargaza su. Yana farowa ne daga ƙananan hanyoyi a cikin hanta waɗanda ido ba ya gani, su tattaru su zama manyan bututu biyu, na dama da na hagu, waɗanda ke gamuwa a ƙofar hanta su zama ɗaya. Daga gefensa wani ɗan reshe ya ratse zuwa jakar maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, inda ruwan ke taruwa kafin a ci abinci. Babban bututun ya ci gaba da gangarawa, ya ratsa ta kan fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, ya haɗu da bututunta, su zube tare a farkon ƙaramin hanji ta wata 'yar ƙofa mai tsokar da ke buɗewa tana rufewa.

Faɗin wannan bututu ba ya wuce milimita 6 ga yawancin manya masu lafiya. Jakar ana iya cire ta mutum ya ci gaba da rayuwarsa, amma bututun ba shi da madadi. Wurin da ya toshe kuma yana sauya yadda ciwon ke bayyana. Idan a can ƙasa ne, duk hanyoyin da ke sama sukan kumbura har da jakar, shi ya sa tun 1890 likitan fiɗa ɗan Suwizalan, Ludwig Courvoisier, ya lura cewa mai shawarar da ake iya taɓa jakarsa a kumbure ba tare da zafi ba, da wuya a ce tsakuwa ce. Idan kuwa reshe ɗaya ne kawai ya toshe a cikin hanta, ɗaya ɓangaren yakan ɗauki nauyin aikin, mutum ya daɗe idanunsa fari tas yayin da rabin hantarsa ke lalacewa a ɓoye.

Idan ruwan ya rasa mafita, sai ya koma cikin jini. Idanu da fata su yi rawaya, fitsari ya yi duhu saboda ƙoda ce ta karɓi aikin fitar da bilirubin, bayan gida kuma ya koma fari-fari ko toka-toka domin abin da ke ba shi launi bai iso hanji ba. Wannan alama ta ƙarshe ita ce mafi amfani wajen bambance toshewa da sauran nau'o'in shawara, kuma ita ce aka fi sakaci da ita, don ba kowa ke waiwayawa ya duba ba. Sai ƙaiƙayi mai hana barci, musamman a tafin hannu da na ƙafa. Idan abin ya ɗauki lokaci, jiki yakan kasa tsotsar bitamin A, D, E da K, waɗanda sai da maiƙo suke shiga jini, rashin bitamin K kuwa yana hana jini daskarewa. Mafi haɗari shi ne ƙwayoyin cuta su hau ruwan da ya tsaya. Zazzaɓi da rawar ɗari, shawara, da ciwo a gefen dama na saman ciki, alamomi uku ne da likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya haɗa su a 1877, kuma wanda suka taru a kansa ba mai jiran safiya ba ne, domin ƙwayoyin na iya shiga jini cikin sa'o'i.

Jariri: inda kowane mako yake da daraja

A cikin toshewar da ba a saba gani ba, babu wadda jinkiri ke cutarwa kamar shafewar bututun maɗaciya ga jarirai, wadda likitoci ke kira atiresiya. Wani kumburi ne da ke cinye bututun da ke wajen hanta tun kafin haihuwa ko cikin makonnin farko, har ya koma zaren tabo marar rami. Ana samun ta ga kimanin jariri ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000 a Turai da Arewacin Amurka, ta fi haka yawa a gabashin Asiya, kuma ita ce kan gaba a dalilan da ke sa a yi wa yara dashen hanta.

Abin da ke sa ta kuɓuce wa ido shi ne shawara a makon farko abu ne da fiye da rabin jarirai ke yi, kuma yawanci takan wuce da kanta. Jaririn da bututunsa ya shafe yakan zo da nauyinsa daidai, yana shan nono, yana barci, babu abin da zai tayar wa uwa hankali sai 'yar rawayar ido da ba ta gushe ba. Ƙa'idar da likitocin yara ke bi ita ce, duk jaririn da ya cika watanninsa amma shawara ta wuce kwana 14, ko kwana 21 ga bakwaini, a auna jininsa a raba bilirubin gida biyu, a ga ko nau'in da hanta ta riga ta sarrafa ne ya hau. Auna jimillar bilirubin kaɗai ba ya amsa tambayar, kuma sa jariri ƙarƙashin fitilar asibiti, wanda ke maganin shawarar makon farko, ba ya yi wa bututun da ya toshe komai.

Tiyatar da ake yi tana ɗauke da sunan Morio Kasai, likitan fiɗa ɗan Japan da ya bayyana ta a 1959. Likita yakan yanke ragowar bututun da ya zama tabo, ya bi shi har ƙofar hanta, ya share wurin a hankali har ya kai inda wasu ƙananan ramuka suke, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Daga nan sai ya ɗauko wani yanki na ƙaramin hanji ya ɗinka bakinsa a kan wannan fili, da fatan ruwan zai riƙa tsattsafowa kai tsaye cikin hanji. Alamar nasara ta farko a cikin kashin jaririn ake ganinta, ranar da ya koma rawaya ko kore. Amma waɗannan ramuka suna toshewa kullum, hanta kuma tana ƙara tabo, don haka sakamakon ya fi kyau idan an yi aikin kafin kwana 60, ya fi kyau ƙwarai kafin kwana 30 zuwa 45, bayan wata uku kuwa fatan yakan ragu sosai. Ko a cibiyoyin da suka ƙware, kimanin rabi zuwa kashi 60 cikin 100 ne shawararsu ke washewa, kuma da yawa daga cikinsu za su buƙaci dashe wata rana. Duk da haka, yaron da ya kai shekara goma da hantarsa ya samu abin da ba a sayensa, domin dashe ga babban yaro ya fi sauƙi a kan dashe ga ɗan wata shida. Ba abin mamaki ba ne cewa dashen hanta na farko da aka gwada ga ɗan Adam, wanda Thomas Starzl ya yi a birnin Denba na Amurka a 1963, ga yaro mai wannan cuta aka yi shi, ko da yake yaron bai tashi ba.

Ƙasashe biyu sun nuna cewa ba sai da sabuwar na'ura ake samun ci gaba ba. Taiwan ta fara raba wa dukkan iyaye wani kati a 2004, mai ɗauke da hotunan launin kashin jariri, wasu na lafiya wasu na haɗari, domin uwa ta kara shi da abin da ta gani a ƙyallen ɗanta, kuma hakan ya sa ana kai yara tiyata da wuri. Birtaniya kuma a 1999 ta taƙaita wannan aiki a Ingila da Wales ga asibitoci uku, a Landan, Birmingham da Leeds, bayan an gano cewa inda ake yin tiyatar jefi-jefi sakamakon bai kai na inda ake yin ta a kai a kai ba. A ganina wannan mataki na biyu ya fi na farko ɗaci ga likitoci, domin yana nufin ƙwararre ya yarda ya miƙa majinyacinsa ga wani.

Akwai kishiyar matsalar shafewar bututu, inda bututun ke buɗewa fiye da ƙima ya zama jaka tun daga haihuwa. Ta fi kama mata, ta fi yawa a Asiya, kuma likitan Japan Takuji Todani ya kasa ta gida biyar a 1977. Sau da yawa asalinta shi ne bututun maɗaciya da na fankiriyas sun haɗu tun kafin su iso ƙofar hanji, sai ruwan fankiriyas mai ƙarfi ya riƙa komowa yana cin bangon bututun. A da ana huda jakar ne a haɗa ta da hanji a bar ta, sai aka ga bangon da aka bari yana rikiɗewa ya zama daji bayan shekaru, shi ya sa yanzu cire ta ake yi gaba ɗaya.

Cututtuka uku masu kama ɗaya a hoto

Ga manya, babban ƙalubalen shi ne tsukewar bututu ba tare da tsakuwa ba, domin cututtuka uku da maganinsu ya yi hannun riga suna iya ba da hoto kusan iri ɗaya.

Ta farko ita ce dajin bututun kansa. Idan ya fito a mahaɗar bututun dama da na hagu ana kiransa da sunan Gerald Klatskin, likitan jami'ar Yale ta Amurka da ya yi bayaninsa a 1965. Ba ya yawan yin ƙullutu mai girma, bin bangon bututu yake yi yana matse shi, kuma yana daf da manyan jijiyoyin da ke shigar da jini hanta. Warkewa sai da tiyata, wadda kan haɗa da cire bututun da babban ɓangare na hanta, kuma mafi yawan masu shi sukan zo ne bayan ya wuce a yanke. Ga waɗannan, haɗin magunguna biyu, jemsitabin da sisfilatin, shi ne ginshiƙi tun 2010, a 2022 aka ƙara musu maganin zaburar da garkuwar jiki mai suna durvalumab. Tsawaita rai suke yi, ba warkarwa ba, kuma gaskiya ta fi kyau a faɗe ta haka.

Ta biyu kumburi ne mai barin tabo, wanda ake taƙaita sunansa da PSC. Yana tsuke bututu nan ya bar can, ya sake tsukewa a gaba, har hoton ya riƙa kama da carbi. Ya fi kama maza masu shekaru 30 zuwa 40, ya fi yawa a arewacin Turai, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na masu shi suna da ciwon kumburin babban hanji, ko da ba su ji alamarsa ba. Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da shi. Akwai maganin da ake bayarwa mai suna urso, wanda ke gyara alƙaluman gwajin jini, amma wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa ba da shi da yawa ya ƙara wa marasa lafiya illa ne, wanda hakan ya isa gargaɗi cewa kyawun takardar gwaji ba shi ne lafiyar hanta ba. Ana buɗe wuraren da suka fi tsukewa da balan-balan, idan hanta ta gaza kuma a yi dashe. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne mai wannan cuta yana cikin haɗarin kamuwa da dajin bututu, kimanin ɗaya cikin goma ko ɗan sama da haka a tsawon rayuwa, don haka duk sabuwar tsukewa a jikinsa sai an tuhume ta.

Ta uku ita ce wadda ta fi ba da takaici idan aka kasa gane ta. Garkuwar jiki ce ke cika bangon bututu da wasu ƙwayoyi masu samar da sinadarin IgG4, har ya yi kauri ya matse. Takan kama dattawa maza, su rame, su yi shawara ba tare da ciwo ba, wato dai duk abin da zai sa a ce daji ne. Sai a 2001 masu bincike a Japan suka danganta wannan sinadari da wani nau'in kumburin fankiriyas, daga nan aka gane cewa cuta ɗaya ce mai yawo a jiki, tana taɓa bututun maɗaciya, ƙoda, da ƙullutun da ke samar da yawu da hawaye. Maganinta ƙwayoyin sitiroyid ne, kuma cikin 'yan makonni tsukewar kan saki, ko da yake tana yawan dawowa idan an daina. Kafin a san ta, mutane da dama sun rasa rabin hanta ko kan fankiriyas a kan abin da ƙwaya za ta iya kwantarwa.

Mai karatu zai ce, to a auna jini mana a huta. Matsalar ita ce IgG4 yana iya hawa ga mai daji, yana kuma iya zama daidai ga mai cutar. Haka ma alamar daji da ake aunawa a jini, CA 19-9, takan hau saboda toshewa kawai ko da babu daji, wasu mutane kuma jikinsu ba ya samar da ita ko kaɗan. Shi ya sa har a manyan cibiyoyi, cikin waɗanda aka yi wa tiyata bisa zaton dajin ƙofar hanta, akan samu kusan ɗaya cikin goma, wani lokaci fiye, da aka auna naman aka ga ba daji ba ne. Ba lallai sakaci ba ne. Likita yana tsakanin kurakurai biyu: ya yanke wanda bai kamata ba, ko ya tsaya gwada sitiroyid har dajin da ake iya cirewa ya wuce cirewa.

Matsi daga waje, tsutsa da tabon tiyata

Wani lokaci bututun lafiyarsa lau, maƙwabci ne ya danne shi. Tsakuwa kan maƙale a wuyan jaka ta matse babban bututu daga waje, har ma ta huda bangonsa, abin da likitan fiɗa ɗan Ajantina Pablo Mirizzi ya bayyana a 1948. Haɗarinsa shi ne likita ya shiga cire jaka bai sani ba, ya tarar komai ya manne. Idan babbar jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta ta toshe, ƙananan jijiyoyin da ke tsirowa don kewaye ta sukan nannaɗe bututun, kuma wanda ya huda wurin bisa zaton ƙari ne zai gamu da zubar jini.

Tsutsar ciki mai tsawo tana iya kutsawa ta ƙofar hanji ta hau bututu, an kuma rubuta hakan da yawa a Kashmir. A arewa maso gabashin Tailan da maƙwabtanta, wata 'yar tsutsar hanta da ake ɗauka ta cin ɗanyen kifin ruwan daɗi takan zauna cikin bututu shekaru tana sa kumburi, kuma yankin yana cikin wuraren da dajin bututu ya fi yawa a duniya. Abin da a wata ƙasa baƙon ciwo ne, a wata na yau da kullum ne, don haka tambayar inda majinyaci ya zauna ko ya yi tafiya tana cikin bincike. Sai kuma raunin tiyata: cikin kowace cire jaka 1,000 akan ji wa babban bututu rauni a kimanin uku zuwa biyar, kuma tsukewar na iya bayyana bayan watanni ko shekaru, lokacin da mutum ya manta an taɓa yi masa aiki.

Matakan bincike

Ana farawa da gwajin jini na aikin hanta, wanda ke nuna ko matsalar ta fi karkata ga naman hanta ko ga magudanar ruwa, sai sikanin na ciki. Sikanin yana da araha, ba ya cutarwa, yana kuma nuna ko hanyoyin sun kumbura, amma iskar hanji kan rufe masa ƙarshen bututun, saboda haka "ba a ga komai ba" a takardarsa ba ta nufin babu komai. Mataki na gaba shi ne hoton maganaɗisu na musamman, MRCP, wanda aka fara a 1991, mai zana taswirar bututun gaba ɗaya ba tare da an sa wa mutum komai a ciki ba, tare da hoton CT, mai nuna cikin jiki yanki-yanki, don ganin ƙari da jijiyoyi. Akwai kuma sikanin da ake ɗaurawa a kan bututun kyamara a zura shi ta baki, ya leƙa bututun daga kusa, har a ɗebo nama da allura.

Aikin da ya fi shahara shi ne ERCP, wanda aka fara a 1968. Majinyaci yakan kwanta rub da ciki ko a gefen hagu bayan an ba shi maganin barci, likita ya zura dogon bututu mai kyamara a gefe ta baki, ya wuce ciki, ya tsaya daidai 'yar ƙofar nan ta hanji. Ta cikinsa yake tura siririyar waya ya lallaɓa ta ta shiga ƙofar, ya bi da ruwa mai bayyana a hoto, sai rassan bututun su fito a allo, a ga inda ruwan ya tsaya cak. Tun 1974, da likitoci a Japan da Jamus suka fara tsaga tsokar ƙofar, aikin ya tashi daga kallo ya koma magani: a jawo tsakuwa da kwando, a buɗe tsukewa, a sa ɗan bututun roba ko na ƙarfe. Idan aka dace, ana ganin baƙin ruwan da ya daɗe a tsaye yana kwararowa nan take, wani lokaci da ruwan mugunya.

Sai dai ba aikin wasa ba ne. Tsakanin kashi 3 zuwa 10 cikin 100 sukan samu kumburin fankiriyas bayansa, wanda wani lokaci yake kisa, shi ya sa yanzu ba a yin sa don kallo kawai. Ɗan burushin da ake goga wa wurin da ya tsuke don ɗebo ƙwayoyin nama kuma yana kama ƙasa da rabin dajin da ke akwai. Idan ya ce daji ne, to daji ne. Idan ya ce bai gani ba, ba a gama magana ba. Wannan ne ya sa ake maimaita gwaji har iyali su fara zargin ana ja musu rai, shi ne kuma dalilin ƙirƙiro ƙaramar kyamara da ke shiga cikin bututun kansa domin likita ya ga bangon da idonsa ya tsinko nama daga inda ya fi zargi.

Buɗe hanya daban, warkarwa daban

Idan akwai zazzaɓi da alamar ƙwayoyin cuta sun shiga jini, babu gardama: a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a buɗe hanya cikin gaggawa, ta baki ko ta huda fata a shiga hanta, a bar neman dalili sai an tsira. Inda likitoci suka sha bamban shi ne mai shawarar da ba ya zazzaɓi kuma ana shirin yi masa tiyata. Hankali yana ba da cewa a fara sauke shawarar, kuma an daɗe ana yin haka, amma wani bincike a ƙasar Holan da aka wallafa a 2010, a kan masu dajin kan fankiriyas, ya samu munanan matsaloli ga kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka fara sa wa bututu, a kan kashi 39 na waɗanda aka wuce da su tiyata kai tsaye. Bututun da aka sa yana buɗe wa ƙwayoyin hanji ƙofa. Ga dajin ƙofar hanta kuwa, inda za a cire babban yanki, da yawa suna ganin dole a fara sauke wa ɓangaren da zai rage nauyi, in ba haka ba ba zai iya riƙe jiki ba bayan aiki.

Akwai kuskuren da ya fi wannan wuyar gyara. Bututun ƙarfe marar rufi yana daɗewa bai toshe ba, amma nama yana tsirowa ta cikin ragarsa har ya zama ba ya ciruwa. Ga wanda dajinsa ya wuce tiyata, rahama ne. Ga wanda daga baya aka gano IgG4 ce ko tabo, an bar masa matsala ta dindindin a wurin da magani zai iya buɗewa. Hatta bututun roba, idan aka sa shi kafin a ɗauki hoto mai kyau, kumburin da yake jawowa kan ɓata hoton, likitan fiɗa ya kasa gane iyakar ƙarin. Saboda haka jerin da ake bi yana da muhimmanci: hoto tukuna, sannan shawara tsakanin likitan hanta, na fiɗa, na hoto da mai auna nama, kafin a sa wani abu a ciki.

Abin da ya rage ga majinyaci da iyalinsa

Farin kashi ga jariri, ko shawarar da ta wuce mako biyu, dalili ne na zuwa asibiti a wannan makon, da neman a raba bilirubin, ko da yaron yana wasa yana ƙiba. Ga babba, shawara da farin bayan gida da ƙaiƙayi suna buƙatar hoton ciki, ba gwajin ciwon hanta kaɗai ba. Babu abin sha da ke buɗe bututun da tabo ko ƙari ya rufe, kuma duk abin da aka sha ba tare da sanin likita ba, hantar da ta riga ta jigata ce za ta sarrafa shi. Wanda aka ce masa ciwonsa ba a saba gani ba yana da haƙƙin tambayar sau nawa asibitin ke yin irin aikin, musamman gyaran bututun da aka ji wa rauni, inda gyaran farko shi ne mafi samun nasara kuma kowane na baya ya fi wuya. Ya kamata ya riƙe ainihin hotunan da aka ɗauka, ba rahoton kawai ba, domin likita na gaba da idonsa zai so ya gani.

Wanda kuma aka sa wa bututun roba ya tabbatar an rubuta masa ranar da aka sa da ranar da za a cire ko a sauya, wadda yawanci ba ta wuce wata uku. Da yake shawarar takan washe, ƙaiƙayi ya tafi, ci ya dawo, mutane da yawa sukan ɗauka sun warke su daina komawa. Bututun da aka manta yakan toshe, tsakuwa ta taru a kansa, mutum ya dawo bayan shekara da zazzaɓi da rawar ɗari, alhali ciwon da ya sa aka saka shi tun farko ba a ma kai ga gano shi ba.